Garin da Na'ura Ta Ɗauka Ruwa Ne

A ɗakin horo na cibiyar nazarin yanayi na san shi, inda aka tara mu, sababbin masu digiri, don a koya mana sa kwamfuta ta yi hasashen sauyin yanayi. Shi ne babba a cikinmu. Ya daɗe yana koyar da labarin ƙasa a wata sakandare kafin ya koma jami'a, yana da mata da 'ya ɗaya, furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Ni ne ƙarami, sai ya sa mini Auta, ni kuma ina ce masa Yaya. Kujerarsa na kusa da tawa, ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki mai ɗigar ruwa, kullum da tsumma a gefen teburinsa.

A makon farko Dakta, malamar da ke horar da mu, ta nuna mana yadda tsarin ke yanka duniya gida-gida kamar takardar lissafi. Kowane gida yana da faɗi sosai, kuma na'ura ba ta san rabi-da-rabi ba: ko ƙasa ne, ko ruwa. Ta ce kowa ya nemo garinsu. Duk muka samu, ban da shi. Garinsu yana bakin babban kogi, inda ya buɗe kamar tafki, sai na'ura ta shafe gidan da shuɗi gaba ɗaya.

"Dakta, ni fa an ce a ruwa aka haife ni," in ji shi.

Wata a baya ta ce, "Ashe da kifi muke zaune ba mu sani ba."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Daga ranar ya zama Kifi, har mai gadi haka yake kiransa.

A wajen cin abincin rana ya gaya mini abin da ya kawo shi. Mahaifinsa maƙerin kwale-kwale ne, rumfarsa da gidansu suna kan gaɓa. Kowace damina kogi yana gutsurar gaɓar. Wan Kifi ya samu fili a tudu, ya yi ta fama tsohon ya tashi, tsohon ya ƙi. Abin da tsohon ya ce shi ne, "Ina da ɗa mai karanta sama da ƙasa. In ya ce tashi, na tashi."

"Me ka ce masa, Yaya?"

"Na ce ya jira in gama horo. Ba na son in raba shi da rumfarsa a kan zato."

Sai ya ɗauki gyaran gidan nan a matsayin aikinsa na ƙarshen horo: ya ƙanƙanta gidajen taswira har garinsu ya fito a matsayin ƙasa. Ba gwanin kwamfuta ba ne, da yatsa biyu yake bugawa, waƙafi ɗaya zai ɓata masa yini. In ya kakare sai ya taɓa ni da gwiwar hannu, "Auta, zo ka yi wa tsoho magani." Dakta ba ta ɓoye masa ba. Ta tsaya a bayansa wata rana ta ce, "Malam, ko ka gyara, abin da zai ba ka labarin shekaru masu zuwa ne. Ba zai gaya maka daminar bana ba, kuma bai san gaɓar gidanku ba."

"Na ji, Dakta. Ko ɗan abin da zan riƙe in tafi da shi ne."

Babbar na'urar cibiyar guda ɗaya ce, layi ake bi. Injiniya, mai kula da ita, ya sa aikin Kifi a bayan na mutane da yawa. Da aka zo kansa wuta ta ɗauke, aka koma farko. Damina kuma ta sauka. Kullum wansa yana kira, ina jin muryarsa daga wayar: "Kai da na'urarka sai yaushe?" Shi kuma ya ce, "An kusa."

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, Dakta tana bayani a gaban allo. Wayarsa ta yi ta motsi a kan tebur har ya fita da ita. Da ya dawo bai zauna ba. Ya rubuta lambar sirrin shiga aikinsa a gefen littafina, ya ce, "Gaɓa ta zube da rumfar. Baba na ciki. Ka duba mini aikin." Ya ɗauki jakarsa ya tafi. Na bi shi har bakin ƙofa, na tsaya ina kallo har ya tari mota.

An yi ta nema ba a ga tsohon ba, har yau. Ni kuwa tun ranar in na buɗe taswira na ga shuɗi sai in rufe ta. Ba wanda ya sake faɗin sunan nan na Kifi a ɗakin. Wadda ta raɗa masa shi ta daina zama cin abinci da mu.

Bayan mako biyu aikinsa ya kammala. Garinsu ya fito, ɗan gida mai launin ƙasa a gefen kogi, da alƙaluma a cikinsa. Na daɗe ina juya waya kafin in kira shi. Ya ɗauka, ina jin hayaniyar masu gaisuwa a bayansa.

"Auta, ya fito?"

"Ya fito, Yaya."

"Me ya ce?"

Na karanta masa yadda yake: ruwan sama a yankin yana iya ƙaruwa, yana kuma iya raguwa kaɗan, gwaje-gwajen ba su yi baki ɗaya ba.

"Ke nan ko da ya fito da wuri, da ban san abin da zan gaya wa Baba ba," in ji shi.

Na tambaye shi ko zai dawo ya ƙarasa. Ya ce mahaifiyarsa ba ta yarda ya yi nisa da ita, kuma wansa ba ya yi masa magana sai ta bakin yara. Ya ce in gaida Dakta.

Jiya Injiniya ya same ni a teburina. Sabon rukuni zai zo wata mai kamawa, ma'ajiyar na'ura ta cika, kuma aikin Yaya ya fi na kowa cin wuri. Ya ce ko in kwashe ko a goge. Na ce ba ni da abin da zai ɗauke shi, ya ƙara mini lokaci. Ya sosa ƙeya ya ce, "Ƙanina, ba ni na ƙi ba, wuri ne babu." Na kira Yaya sau da yawa tun safe don in ji ta bakinsa, wayar tana shiga, ba a ɗauka.