Ranar da Ruwa Ya Tafi Ya Bar Isufu

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa aika kaya ta jirgin sama daga Guangzhou zuwa Kano, in bai san fuskar Isufu ba, ya san ɗaurinsa. Ɗan shago gare shi a Baiyun, ba nisa da filin jirgi, inda yake matse dilolin yadi da takalma da kayan waya, ya naɗe su da leda, ya ɗaure da igiya. Ƙullinsa ba ya kwancewa a hanya, amma in ka san bakin da za ka ja, da yatsa biyu za ka warware shi. In an tambaye shi inda ya koyi wannan ƙulli, sai ya ce a Kantin Kwari. Ƙarya yake shararawa, a wuyan kwale-kwale ya koya.

Isufu ɗan masunta ne daga wata tunga a ƙasar Yawuri, kuma mahaifinsa ne Sarkin Ruwan tungar. Tun bai iya ɗaura wando ba ya iya riƙe filafili. Yana saurayi ya tafi Kano neman na kansa, yaran kanti suka sa shi gaba. In ya shigo sai su toshe hanci, su ce wa ya zo da banda? Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Daga nan ya ja bakinsa ya yi shiru a kan maganar gida, ya goge harshensa ya koma Kananci tsaf. Da ya zo Sin kowa Bakano ya ɗauke shi, shi kuwa bai gyara wa kowa ba. Shekara goma sha wani abu yana garin, ko kifi ba ya ci a gaban mutane.

Zamansa lafiya yake yi, har Allah ya kawo Abdul-Gafaru.

Abdul-Gafaru ɗan zangon Kumasi ne, dogo, mai dariyar da ake ji daga bene na uku. Kwantena yake lodi a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Wata rana aka kai shi yawon buɗe ido wani tsibiri da ke kudu da Nansha, inda kogi yake haɗuwa da teku. Akwai kurmi a wurin, na wasu itatuwa da suke tsiro cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje, ruwa ya ratsa tsakaninsu lungu-lungu. Wata 'yar Sin tana ba da hayar ƙananan kwale-kwalen roba da ake kira kayak, da wasu faffaɗan alluna da mutum yake tsayawa a kai yana tuƙi. Wurin ya shiga ran Abdul-Gafaru. Ya yi ta komawa, matar ta koya masa aikin, daga baya ya zama duk Lahadi sai ya cika mota da 'yan kasuwar da suka gaji da zagayen kasuwannin Guangyuan Xilu, ya kai su su sha iska. Shi ne jagora, da usur a wuya.

Wannan duk bai dami Isufu ba. Abin da ya dame shi a gidan abinci ya faru, bayan sallar Juma'a. Alhaji Umar Faruƙ, babban kwastomansa, wanda bai daɗe da dawowa daga tsibirin ba, ya hango Abdul-Gafaru yana shigowa, sai ya ɗaga hannu ya ce, “Sarkin Ruwa! Ranka ya daɗe!”

Aka fashe da dariya, aka tafa. Isufu, da ke gefe yana cin abinci, ya ajiye cokali. Kafin sati ya zagayo sunan ya bi Abdul-Gafaru ko'ina, har 'yan Sin na kasuwa suna ƙoƙarin faɗa.

Ga su 'yan kasuwa wasa ne. Isufu kuwa ya san abin da sunan yake nufi. Ya ga mahaifinsa an tashe shi daga cin tuwo saboda jirgi ya kife, ya fita bai ko wanke hannu ba. Ya ga manyan mutane suna cire takalmi kafin su gaishe shi. Yau ga wani da ya fara ganin filafili da gemunsa an naɗa shi a kan farantin shinkafa. Kishi ya kama Isufu, kishi na gaske, irin mai hana abinci ɗanɗano. Ya riƙa kallon bidiyon da ake turowa a waya yana tsaki. Mutumin yana riƙe filafili kamar muciya. Sau nawa ya faɗo daga allon nan ƙafafu a sama, ana dariya, shi ma yana yi! Abin da ya fi ƙona wa Isufu rai shi ne ba shi da bakin magana. Abin da ya binne don kunya shi ne ake yi wa wani kirari a kai, kuma shi da hannunsa ya binne.

Da Alhaji ya ce zai sake zuwa kafin ya koma Kano, Isufu ya ce shi ma a sa sunansa.

“Kai da ko wanka da bokiti biyu kake tsoro?” in ji Alhaji.

“A sa dai, Alhaji.”

Sun isa da hantsi, ruwa ya cika maƙil har gindin rumfar haya. Abdul-Gafaru ya tara mutane yana bayani da ƙarfi, yana nuna yadda ake zama da yadda ake juyawa. Isufu bai tsaya ji ba. Shi za a koya wa zama a jirgi? Ya zagaya ya zaɓi kayak mai cin mutum biyu, ya ƙwanƙwasa cikinsa, ya ƙi karɓar rigar hana nitsewa, sai da aka ce ba mai shiga babu ita. Matar mai haya ta ga alamar wannan ba zai bi layi ba, ta tare shi. Ta buga yatsa a kan agogonta, ta nuna wajen kurmin, ta ce, “Shwei meyo! Shwei meyo!”

Sinancin Isufu na kasuwa ne, amma wannan kam ya ji. Shwei ruwa ne, kullum yana sayen na gora. Meyo kuwa babu, kalmar da ya fi ji a bakin masu shago. Wato an jima ruwan sha zai ƙare, gara mutum ya saya tun yanzu. Ya yi murmushi, ya ce a ransa ɗan Sin ko a bakin teku sai ya yi talla. Ya sayi gora biyu, ya ce mata sheshe, wato na gode, ya wuce. Ta bi shi da kallo baki buɗe.

Ya zaunar da Alhaji a gaba, shi ya zauna a baya. Filafilin mai baki biyu ne, ba irin na gida ba, amma sau uku ya tsoma shi hannunsa ya gane hanya. Jirgin ya miƙe sumul, ba fantsama, ba tangaɗi. Suka wuce na farko, suka wuce na biyu, suka wuce Abdul-Gafaru da ke tsaye a kan allonsa yana ta fama. Isufu ya karkata jirgin ya zagaye shi sau ɗaya, don dai a gani, aka kuwa gani. Wayoyi suka tashi sama.

“Kai, Masa Isufu!” Abdul-Gafaru ya yi ihu, don “Masa” 'yan Kumasi suke ce wa maigida. “Walahi ka iya! Amma kar ka yi nisa, ka bi tuta na, ruwan nan ba ya jira mutum!”

Isufu ya yi kamar bai ji ba. Ya ga wani siririn lungu ta hagu, ya kutsa. Nan da nan hayaniya ta yanke. Rassa suka haɗe a samansu, inuwa ta sauko, fararen tsuntsaye suna tashi ɗaya-ɗaya. Ƙamshin laka da ganye ya bugi hancinsa, rabonsa da jin wannan tun yana saurayi. Can ciki suka tarar da wani tsohon dandamalin katako. Azahar ta yi, suka hau. Isufu ya ɗaure jirgin da ƙullin nan nasa, suka yi alwala da ruwan gora, suka yi salla.

Da suka sallame Alhaji ya juyo ya dube shi. “Isufu, gaya mini gaskiya. Wannan tuƙin ba na Kantin Kwari ba ne.”

Sai bakin Isufu ya buɗe. Ya faɗi sunan tungarsu. Ya ba da labarin mahaifinsa, da giwan ruwan da suka taɓa kamawa wanda sai da mutum huɗu suka ɗaga, da yadda ake gane zurfi daga launin ruwa, da watan da kogi yake cika da watan da yake sauka. Harshensa ma ya koma na gida bai sani ba. Alhaji yana ta “Ikon Allah!” yana ƙarawa da “Ashe kai ne Sarkin Ruwan na gaskiya!” Isufu bai taɓa jin daɗi irin na wannan zama ba a ƙasar Sin. Ya ja labarin, ya ƙara ja, bai ko waiwayi jirgin ba. Me zai waiwaya? Ya ɗaure shi da kyau, kuma a duk saninsa ruwa wata-wata yake sauka, ba tsakanin azahar da la'asar ba.

Alhaji ne ya fara leƙawa. “Isufu, ina ruwan?”

Babu. Jirgin yana nan a ɗaure, zaune daram a kan taɓo. Lungun da suka biyo ya zama laka baƙa mai sheƙi, ƙananan ƙaguwa suna ta kai da kawo, wasu kifaye masu idanu a ka suna tsalle a kai. A lokacin ne maganar matar ta dawo masa, ya gane ruwan da ta ce babu.

Ya ce wa Alhaji kada ya damu, zai ja jirgin zuwa inda ruwa yake. Ya naɗe wando ya dira. Taɓon ya karɓe shi har gwiwa. Ya yunƙura, ya kai cinya. Ya sake yunƙurawa, ya kai ƙugu. Alhaji ya fara salati da ƙarfi.

Usur suka fara ji, sannan Abdul-Gafaru ya ɓullo. Ya kwanta rub da ciki a kan allonsa, yana tura laka da ƙafa ɗaya, allon yana sulɓi, ya ɗauro wani a baya da igiya. Ya yi baƙi ƙirin tun daga gemu har yatsa. Ashe ya kwashe sauran mutanen ya kai su inda ruwa bai janye ba, ya ƙirga ya ga babu biyu, ya biyo lungu-lungu yana nema. Ya fara kwantar da Alhaji a kan allo ya ja shi. Sannan ya dawo.

“Masa, kar ka yi kokawa da shi. Kwanta a baya, ba ni hannu.”

Isufu ya dubi hannun. Da da yadda zai yi ya kwana a taɓon nan da ya kwana. Ya miƙa nasa. Aka zaro shi, takalmi ɗaya ya zauna a ciki, aka ja shi a kan allo kamar dila, har gaban mutane da wayoyinsu. Abdul-Gafaru bai yi masa dariya ba. Ya ma riƙa gaya wa kowa cewa bai taɓa ganin tuƙi irin na Masa Isufu ba, yana roƙon ya koya masa. Wannan kirkin ya fi dariyar ciwo, don ya hana Isufu ko abin da zai riƙe ya ƙi mutumin da shi.

Bidiyo ba ya neman biza. Kwana kaɗan ya isa Kano, daga Kano ya isa Yawuri. Wata safiya Isufu yana cikin ɗaure dila waya ta yi ƙara, ya ga lambar gida. Tsohon ne da kansa. Isufu ya saki igiya, ya durƙusa a tsakiyar shago kamar yana gabansa. Aka gaisa, aka tambayi iyali.

“An gwada mini kai cikin waya,” in ji tsohon.

“Baba, ruwan nan ba irin namu ba ne. Tafiya yake ya dawo a yini guda.”

“Awo, na ji labarin irinai.”

“Amma an nuna maka farkon? Inda nake tuƙi?”

“Na gani. Hannunka na hagu har yanzu nitsewa yakai da yawa.” Tsohon ya yi tari. “Wanga dogon yaro da ya jawo ka, mi sunanai?”

“Abdul-Gafaru. Ɗan Kumasi ne, Baba. Bai fi shekara biyu da fara shiga jirgi ba. Ko riƙon filafili…”

“Mutanen da ya shiga da su, duka ya fito da su?”

“Duka.”

“Har da kai da ka ƙi bin shi.”

Tsohon bai jira amsa ba, ya ci gaba.

“To, in ka gane shi, ka ce Sarkin Ruwan tungarmu yana gaida Sarkin Ruwan Sin. Haka za ka ce, kada ka rage.”

Isufu ya daɗe a durƙushe bayan an kashe wayar. Ranar dila biyu ya ɗaure ya kwance, don ƙullin ya ƙi zama.

Da Juma'a ta zo ya hango Abdul-Gafaru a ƙofar masallaci, mutane sun kewaye shi. Ya jira aka ragu, ya matsa, suka yi musabaha. Saƙon uba ba abin da ake riƙewa ba ne, ya sani sarai.

“Tsohona ya kira daga gida,” ya ce. “Ya ga bidiyon. Yana gaishe ka.”

“Allahu akbar! Ni? Baba da kanshi?” Abdul-Gafaru ya dafe ƙirji, fuskarsa ta cika da murna. “Me ya ce, Masa? Gaya mini duka.”

Isufu ya buɗe baki. Ya zo kan “Sarkin Ruwan Sin”, ya tsallake.

“Ya ce yana gaishe ka,” ya ce. “Shi ke nan abin da ya ce.”

Ya sunkuya yana neman takalmansa.