Rawar Muryar Ladan

Shekara da shekaru, da wata tsohuwar amfilifaya, na'urar ƙara sauti, ake kiran salla a masallacin unguwarmu a Funtuwa. Wani direban motar auduga ne ya kawo ta sadaka. Sai ta ɗau ɗumi take magana, don haka ladan ke kunna ta kafin ya yi alwala. Muryarsa takan fito tana rawa, tsofaffi suna cewa tsoron Allah ne.

Da aka sayi sabuwa, na kai tsohuwar wurin mai gyaran rediyo. Ya buɗe bayanta, ya dubi 'yan kwalaben lantarkin da ke ciki, ya ce, "Malam, ai ta masu kiɗan jita ce. Wannan maɓallin ne ke kaɗa sauti. Ba lasifikar kan rufi ce tata ba, mai bakin takarda za ka nema. Kada ka kunna ta babu lasifika, ƙonewa za ta yi."

Na sayi lasifikar, ban gaya wa kowa abin da mai gyaran ya faɗa ba. Har yau a unguwa cewa ake zuciyar ladan ta bushe, tunda muryarsa ta daina rawa.