Tulun da Ake Bari a Bukka

Tun ranar da mijina Isufu ya ɓata a dajin da ke tsakanin Abala da Filinge, babu wanda nake tunawa kamar kakata Hajo, mahaifiyar babana, wadda ta rasu tun kafin a ɗaura mini aure. Muryarta nake ji, da wata tatsuniya guda da ta yi mana a tunga. A lokacin na tsani tatsuniyar nan. Yanzu kuwa ta hana ni sakat.

Tunga ita ce inda muke komawa da zama duk damina. Gonar babanmu tana da nisa da gari, tafiyar hantsi zuwa azahar ce a kan jaki, saboda haka da ruwan shuka ya sauka, an ba da hutun lakwal, wato makarantar boko, sai mu kwashe mu tafi, ba mu dawowa sai an ɗaure hatsi. Kaka ce mai haɗa kaya, kuma ba ta yarda kowa ya sa mata hannu. Tabarmi uku, zana biyu, tukunyar tuwo da ta miya, ƙaramin turmi, gatari, guga da igiyarsa, da salkar fatar akuya wadda ke ɗiga a haƙarƙarin jaki har ya riƙa karkaɗa jiki. Sai burgaminta da take rataye a wuya, mai gishiri da kanwa da allura da ƙyastu. Akwai ashana a gari, amma Kaka ta ce ashana ƴar gayu ce, raɓa kaɗan ta taɓa ta sai ta yi fushi ta ƙi aiki.

Ina son zaman nan fiye da yadda zan iya faɗa. Bukkarmu tana gindin wani babban gawo. Da magariba ta yi sai a hura wuta da ɗanyen sabara don hayaƙin ya kori sauro, mu gasa tumu muna murzawa a tafin hannu muna hurewa. Wata yakan fito ta bayan hatsi kamar an goge ƙwarya, ni kuma in kwantar da kai a cinyar Kaka ina jin ƙamshin hayaƙi da man shanu a zanenta. Ni da yayana Mamman ne kawai yara a wurin. Shi Kaka tana ce masa maigida, tana zaginsa da ragon miji. Ni kuwa sunana Ramatu, amma uwar hawaye take kirana, don ko kaza aka yanka sai na yi kuka.

Akwai abin da Kaka take yi duk shekara, ranar jajiberin komawa gari. A cikin bukka akwai tulu da aka binne har wuya. Sai ta sa a cika shi fal da ruwan rijiya, ta rufe da faifai ta ɗora dutse. A jikin rufi ta rataye ƙullin garin hatsi da ɗan gishiri da abin kunna wuta. Ƙofar zana kuwa ɗauri ɗaya take yi mata, wanda ja ɗaya zai kwance. Wannan shi ne rabon mai wucewa. Duk bukkokin tungayen ƙasarmu ta Kurfai haka ake barinsu a lokacin, don da rani ya shigo dajin ba ya da ruwa sai rijiyoyi masu nisa da juna.

A shekarar da nake ba da labari Mamman ne aka sa jan ruwan, ya dawo yana ƙunƙuni.

“Kaka, wai wa za ya sha ruwan ga? Mu dai tahiya za mu yi.”

“Ji ragon miji,” in ji ta. “Guga ukku ka jawo kana nishi kamar raƙumi. Bari a ci tuwo, in gaya maka wanda za ya sha.”

Da muka zauna bakin wuta ta gyara zama ta ce, “Ga ta nan, ga ta nanku, ta taho a ƙasa ta gaji.” Mu kuma muka amsa yadda ta koya mana, “Ta zamna ta huta mu ji ta.”

Ta ce an yi wata budurwa Tasalla, mai kyau da hankali, da saurayinta Nomau. Nomau ya bi ayari zuwa arewa neman gishiri, don ya samo abin da zai aure ta da shi. A shekarar da ya tafi, da su Tasalla suka tashi daga tunga, ta cika tulu ta rataye gari kamar yadda aka saba. Sai wani mutum ya biyo, ƙishirwa ta kusa kashe shi. Ya sha, ya dama gari ya ci, ƙarfinsa ya dawo. Da ƙarfin nan ya bi sawunsu har gari, ya kwance raƙumin babanta guda ɗaya tak, ya yi gaba da shi. Gari ya ɗauka. In ta je rijiya sai mata su ce ga Tasalla mai shayar da ɓarayi.

Da shekara ta zagayo, Tasalla ta tone tulun, ta zubar da ruwan, ta kife shi. Ta share bukka tas, ko ƙwayar hatsi ba ta bari ba.

A ranin nan Nomau ya juyo gida. Guguwa ta raba shi da ayari, ƙaya ta huda masa salka. Ya yi kwana biyu bai ga ruwa ba, har ya iso inda hanya ta rabu biyu. Ta dama tana zuwa wata rijiya, wunin tafiya. Ta hagu tana zuwa bukkar su Tasalla, rabin wuni. Yana da ƙarfin da zai kai shi rijiya da ƙyar. Amma ya ce a ransa, na san Tasalla, ba ta barin bukka ba ruwa. Ya bi hagu.

A nan Kaka ta tura itace cikin wuta. Na ɗaga kai daga cinyarta.

Ta ce sai da ruwan shuka ya sauka su Tasalla suka koma tunga, suka sami Nomau zaune ya jingina da tulun, babu rai, da awarwaron azurfa a hannunsa wanda ya sayo mata.

“Ƙurunƙus,” in ji Kaka. “Ƙaryata ta ƙare, kowa shi ja tabarmarshi.”

Na fashe da kuka har da shessheƙa. “Kaka, ki gyara ta! Ki ce ya samu ruwa!”

“Ni na kihe tulun? Tahi ki gaya ma Tasalla.”

Mamman bai yi kuka ba. Ya daɗe yana tonon ƙasa da tsinke, sannan ya ce, “To Kaka, in ta bar ruwan, ɓarawon ya sake dawowa fa?”

“Sai shi sha mana. Ko kai za ka zamna bakin tulun rani duka kana tambayar mutane sunan ubansu?”

Na girma da haushin tatsuniyar nan. Da na iya karatu na faɗa cikin littattafan soyayya na Kano da ake shimfiɗawa a kasuwa, inda komai wuyar da masoya suka sha, a shafin ƙarshe sai an kai amarya. Har na sake rubuta labarin Tasalla a bayan littafin rubutuna na lakwal, na sa hadari ya taso da tsakar rani, Nomau ya buɗe baki ya sha. Da na auri Isufu na karanta masa. Shi bai yi lakwal ba, koren shanu yake yi da ƙafa daga kasuwar Abala zuwa Baleyara. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce wanda ya rubuta ruwan sama da rani bai taɓa kwana a daji ba. Samarin littattafaina masu mota da turare su ma dariya yake musu. Ya ce shi dai abin da zai iya kawo mini cuku ne, kuma bai taɓa dawowa daga Abala bai kawo ba.

Tunga ta canza. Bido, jarkar roba mai launin ruwan ɗorawa, ya maye salka, ga gidan sauro, ga fitilar hannu, ga ɗan faranti mai caja waya da rana. Kayan sun fi na Kaka sauƙi, amma mata da yara sun daina kwana a can. Maza ne ke zuwa su yi aiki da sauri, kunnensu yana ga hanya. Akwai mutanen da ke yawo a dajin bisa moto, wato babur, da bindigogi. Ba mu kiran sunansu, masu moto muke cewa, shi ma a hankali.

Su ne suka tare su Isufu a ƙarshen kakar bana. Su uku ne da shanu. Abokan tafiyarsa biyu sun iso gari washegari ƙafafu duk ƙaya, suka ce kowa ta kansa ya yi, kuma ganinsu na ƙarshe da Isufu yana gudu ya nufi gabas. Gabas kuwa nan ne ɓangaren tungarmu. Wayarsa ba ta shiga. Maza sun fita nema sau biyu, iyakar inda ake iya zuwa, ba su ga komai ba.

A makon nan aka tara magidanta a ƙofar mai gari aka ce bana kada wanda ya bar ruwa ko abinci a bukkar daji. Duk wanda ya bari, za a ɗauka masu moto ya ajiye wa. Maganar ba wasa ba ce. Wani a unguwarmu ya manta bido biyu a gonarsa, aka zo aka tafi da shi, ya yi kwanaki kafin ya dawo, kuma har yau bai gaya wa kowa abin da aka tambaye shi ba.

Mamman ne ke noma gonar tun rasuwar babanmu. Na same shi da safe yana ɗaura wa jakai amalanke, zai je kwaso dammunan ƙarshe.

“Yaya, tulun nan dai.”

Bai dube ni ba. “Na san abin da ya kawo ki. A'a.”

“Ya san bukkarmu, Yaya. Ya san mu. In yana da rai can za shi.”

“Ramatu, ɗiyana shidda. In anka zo anka ɗauke ni, ke za ki ci da su? Kuma wa ya ce miki shi za ya sha? Waɗanda sunka kore shi su ma suna jin ƙishirwa.”

Gaskiya ya faɗa. Na dai haye amalanken na zauna. Ya ce in sauka, na ƙi. Ya ce tun ina yarinya kaina ke da tauri, ga kuka ga taurin kai, bai san yadda Isufu ya yi da ni ba. Ya kaɗa jakai muka tafi har gindin gawo.

Ni na ja ruwan. Na cika tulun, na rufe, na ɗora dutse. Na rataye garin da na ɓoyo a mayafi, da gishiri da kwalin ashana. Duk lokacin nan Mamman ya juya mini baya yana jera dammuna. Da na fito ina ɗaure ƙofar ya ce, shi hatsi ya zo ɗauka, abin da ke bayansa bai gani ba.

Bayan kwana goma ya koma kwaso kara. Da la'asar ya shigo gidana, ya zauna a bakin ƙofa bai cire takalmi ba. Ya ce tulun babu ko ɗigo, garin ma babu, an hura wuta a murhu. Akwai sawun tayar moto kusa da gawo, akwai na ƙafa kuma, amma awaki sun bi ta kai, ba a gane wanne ya riga wanne. Ya ce wanda ya sha ya mai da faifan, ya ɗora dutsen.

Na ce, “Yaya, mugu ba ya tsayawa rufe tulu. Shi ne!”

“Kar ki mai da shi littahi, Ramatu. Ban san ko wane ne ba.”

Can na ce, “Yanzu ke nan babu komai a ciki.”

Ya miƙe yana kakkaɓe riga. “Rijiyar ta ja baya. Guga huɗu na samu na zuba a ciki, da laka.” Ya fita.

Ina yarinya na ɗauka labarin Tasalla na soyayya ne da Kaka ta ɓata wa ƙarshe. Daga baya na ɗauka wa'azi ne, a yi alheri a ga alheri. Yanzu da nake juya shi a raina na lura ba ta taɓa cewa mai barin ruwa zai tsira ba. Raƙumin ya tafi, kuma bai dawo ba. Abin da ta nuna mana kawai shi ne akwai wanda zai bar hanyar rijiya ya nufo ƙofarka saboda ya san halinka. Wannan ya ishe ni in cika tulu. Sai dai a tatsuniyar raƙumi aka rasa, ni kuwa wuyan yayana na sa a ciki, kuma wataƙila waɗanda suka raba ni da mijina ne na shayar.

Isufu bai dawo ba har yau. Mamman ya ce sauran kara a gonar, zai koma jibi, ko da yake kowa a gidan ya san karan ya ƙare. Matarsa Hauwa ta daina amsa gaisuwata. Jiya mun haɗu a bakin famfo, ta ɗauke tulunta rabi ta wuce. Da ni ce ita, ni ma haka zan yi.