Ranar da Yaya Ya Ƙi Zuga Manoma

Yayana makaɗin noma ne, kamar mahaifinmu. Ya girme ni da shekara goma sha biyu, kuma tun rasuwar mahaifinmu shi ke jan ƙungiyarmu a ƙauyenmu da ke gefen Shanono. Mu bakwai ne: shi da babbar ganga, ni da ta biyu, sai mai kazagi da 'yan amshi huɗu. Da damina ba ma yini a gida. Duk wanda ya kira gayya, daga nan har ƙauyukan Tsanyawa, mu yake aiko wa da goro. Yaya ya san taken kowane ƙato, ya san na ubansa. In ya tsaya bayan mutum ya kaɗa masa takensa, sai ka ga mutumin ya manta da gajiya, yana cin kunya bayan kunya.

Sai fari ya zo. Shekarar farko muka ce jarrabawa ce, za ta wuce. A ta biyu mun yi shuka sau uku tana ƙonewa. Wa zai kira gayya a gonar da ko ciyawa babu? 'Yan ƙungiyarmu suka riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya tafi Kano dako, wancan ya yi Kudu. Duk wanda ya zo sallama, Yaya sai ya ce, "Allah ya ba da sa'a," ya ci gaba da ɗaure tsarkiyar gangarsa.

Ni ma na riga na yanke shawarar tafiya, amma na kasa faɗa masa. Matata na da tsohon ciki, rumbunmu kuwa in ka leƙa ƙasansa kake gani. Tafasa muke dafawa da ɗan ƙuli. Kullum na fito sai na ɗaga kai na duba gabas, in na ga hadari ya haɗo gabana ya riƙa faɗuwa, don na san iska za ta watsa shi. Sau uku ina zuwa zaurensa da maganar a bakina, ina komawa da ita.

Ana nan sai ga saƙo daga wani Alhaji a wajen Tsanyawa. An yi musu ruwa sau biyu, geronsa ya tsira, yana son a yi masa noman firi, wato noman farko. Mu uku muka rage, ni da Yaya da wani dattijo ɗan amshi. Da hantsi muka isa a ƙafa.

Mutum fiye da arba'in muka tarar, amma da na gan su hankalina ya tashi. Samarin da na sani da ƙirji da damtse duk sun rame, wanduna sai da igiya. Ba don a yi musu kirari suka zo ba, sun ji ne za a ba da fura da tuwo.

Yaya ya fara kiɗa, na bi shi. Aka duƙa. Akwai wani saurayi da ba a taɓa wuce shi a gona ba, shi Yaya ya fara bi da take. Saurayin ya yi kururuwa ya zabura, ya bar mutane a baya. Bai kai ƙarshen kunya ta biyu ba na ga ƙafafunsa na harɗewa. Ya saki fartanya, ya kife. Aka kwashe shi zuwa gindin ɗorawa ana yayyafa masa ruwa. Ina tsaye da ganga a kafaɗa, ina cewa a raina shi ke nan, mun kashe ɗan mutane. Sai da aka jima ya buɗe ido.

Da aka koma aiki, Yaya ya canja kiɗa. Ya kawo wani mai sanyi, a hankali, irin wanda ban taɓa jin ya yi a gona ba. Bai sake kiran taken kowa ba. Na yi ta tuntuɓe kafin na kama shi. Manoma suka jera kafaɗa da kafaɗa suna tafiya tare, ba mai neman wuce wani.

Alhaji ya taso daga inuwa ransa a ɓace.

"Sarkin kiɗa, wannan kuma fa? Zuga su na kira ka ka yi."

"Alhaji, yunwa ce a jikinsu," in ji Yaya, hannunsa bai tsaya ba. "In na zuga su, yau sai an ɗauki gawa a gonarka."

"To in ba su gama ba fa?"

"A ba su furar yanzu, kada a jira azahar. Abin da ya rage ni da ƙanena za mu dawo gobe da fartanya."

Na ji tsoron kada Alhaji ya kore mu hannu wofi, ga gida ba komai. Alhaji ya daɗe yana kallon mutanen, sannan ya aika aka kawo ƙoren fura. Ba a gama gonar ba. Ya sallame mu da dawa a ɗan buhu, bai ce mu dawo ba, bai kuma ƙara kiranmu ba.

A hanyar gida na yi ta maza na ce, "Yaya, ina so in tafi Kano."

"Na sani," ya ce. "Matarka ta gaya wa tawa tun watan jiya. Ka bari ta sauka lafiya tukuna. In ka tafi zan riƙa duba su."

Bayan suna da kwana biyu na hau motar kasuwa. Shekara tara na yi ina dako a birni. Da ruwa ya dawo Yaya ya tara sababbin 'yan amshi, amma garmar shanu ta shigo, gayya ta ja baya. Ya koma kiɗan biki da suna, daga baya kafaɗarsa ta hana shi ɗaukar ganga. Da na dawo gida na same shi yana kiwon tumaki uku a bayan gidansa, yana kuma zuwa karatun manya wajen limamin unguwa bayan la'asar. A kan haka yake har Allah ya karɓi abinsa.