Sitona Aziza a Hanyar Paiko

Da Aziza Sheshi ta bar aikin banki ta kama hayar sito a hanyar Paiko, don ajiye wa shaguna da asibitoci tsofaffin takardunsu, 'yan uwa dariya suka yi mata. Ba ta kula ba. Ta kafa kantocin ƙarfe masu tsawo, ta yaƙi gara da ɓera.

Wata damina ruwa ya cika ƙaramin asibitin Madam Lilian a Bosso. Washegari matar ta zo hankali tashe, ta tarar da katunan majinyatanta da ta ajiye a siton a bushe.

"Ƙanwata, kin rufa mini asiri," in ji ta.

Aziza ta ɗauko kwalin da kanta, ta kai mata har mota, bakinta ya ƙi rufuwa.