Hashim Lado, Ɗan Jidda da Aka Mayar Gidan da Ba Nasa Ba

Haihuwa da Asali

An haifi Malam Hashim Lado a shekarar 1969 Miladiyya a unguwar Kurayyat ta birnin Jidda. Mahaifinsa, Alhaji Lado, mutumin Damagaram ne da ya zo aikin Hajji ta hanyar Sudan yana saurayi, bai koma ba. Mahaifiyarsa, Hajiya Hikima, ita kuwa a Jidda aka yanke cibiyarta. Kasancewar haihuwa kaɗai ba ta mayar da mutum ɗan ƙasa a Saudiyya, sai Hashim ya tashi da iƙama, wato takardar izinin zaman baƙi, da kuma fasfon Nijar, ƙasar da bai taɓa takawa ba.

Karatu, Sana'a da Aure

Bayan ya sauke Alƙur'ani a 1982, ya shiga shagon wani attajiri mai suna Abdulghaffar, wanda ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa a wurin hukuma, yana sayar wa alhazai darduma da carbi da huluna. Larabcin Hijaz ne a bakinsa, Hausa ta zaman gida ce, Faransanci kuwa ko gaisuwa bai iya ba. A 1994 ya auri Zakiya, 'yar maƙwabtansu, suka tare a unguwar Bani Malik. Mutum ne mai barkwanci, wanda iliminsa na siyasar duniya bai wuce farashin darduma ba.

Kamu da Tsarewa

A ƙarshen shekarar 2001 maigidansa ya aike shi Pakistan sarin darduma domin Hajjin da ke tafe. Lokacin ne Amurka, bayan harin da aka kai mata a gida, ta yi ɗamarar yaƙi da Afghanistan, tana ba da tukuici ga duk wanda ya miƙa mata baƙon Balarabe. Wasu makwaɗaita suka ga baƙin mutum na ciniki da Larabci, suka sayar da shi kamar rago. Aka rufe masa ido, aka ɗaure shi a jirgi, aka kai shi wani kurkukun soja a tsibirin da Amurka ta kafa sansani a ƙasar wasu tun zamanin kakanni, ta kuma ƙi tashi har yau.

Hujjar masu tuhumarsa abin takaici ce: ga fasfon Nijar a hannun wanda bai san Faransanci ba, bai san ko titi ɗaya a Yamai ba, saboda haka fasfon jabu ne, mai shi kuma mayaƙi ne. Da sun tambayi kowace tsohuwa a Kurayyat da ta warware musu, domin dubban Hausawan Jidda haka suke. Amma mai jiragen yaƙi ba ya tambayar tsohuwa. Shekara bakwai aka bar jaki ana dukan taiki, ba alƙali, ba shaida, a hannun daular da ke yawo nahiya-nahiya tana wa mutane wa'azin adalci. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Saki

A 2009 suka ce ba su same shi da laifi ba, za a mayar da shi gida. Ba wanda ya ba shi haƙuri. Zakiya ta fente ɗaki, ta tanadi tunkiyar walima, maƙwabta suna shigowa barka. Sai dai gida a wurin Amurka shi ne abin da fasfo ya faɗa, fasfon nan da ta shekara bakwai tana ƙaryatawa. A Yamai aka sauke shi. Iƙamarsa ta mutu yana tsare, kafilinsa ya rasu, tabon kurkuku kuma ya sa an hana shi biza, ko ta Umra.

Shekarun Ƙarshe

Ya koma Damagaram wurin dangin mahaifinsa, inda ake kiransa Balarabe, yana koyar da Larabci. Burinsa ɗaya ne, ya koma Jidda ga iyalinsa, kuma bai bar ƙofar da bai buga ba. Da Zakiya ta nemi ta biyo shi da yara, sai ya hana, saboda ya san in suka fita da wuya su sake shiga, ga kuma mahaifiyarsa kwance a hannunsu. Ta waya ya ce mata, "Halas, shi ke nan, Zakiya, ku zauna inda aka haife ku. Ni aka ɗauke, ni zan dawo." Hajiya Hikima ta rasu a 2013, aka binne ta babu shi.

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa a watan Sha'aban na 1442, daidai da Maris 2021, bayan doguwar jinyar ƙoda, yana da shekara hamsin da biyu. An yi jana'izarsa a Damagaram, a Jidda kuma aka yi masa salatul ga'ib. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku: Mazen, makaniki a unguwar Aziziyya, Fauziyya, mai ɗinki, da autarsu Nuf, wadda aka haifa bayan tafiyarsa Pakistan, ta san muryarsa da hotonsa, amma bai taɓa ɗora hannu a kanta ba. Allah Ya jiƙansa, Ya kuma bi masa haƙƙinsa.