Dankalin Kawu Ya Yi Zaƙi

Kawuna mai tsaron ɗakin sanyi ne, inda ake ajiye buhunan dankalin turawa kafin a kai kasuwa. Tun ina ƙarama yake wannan aiki, har a gida ake tsokanarsa da Ƙanƙara. Ya sha gaya mini cewa dankali numfashi yake yi a cikin buhu. In ɗaki ya yi ɗumi, numfashin ya yi sauri, ya tsiro, ya yamutse. In sanyi ya yi yawa, numfashin ya ja baya, cikinsa ya tara sukari. Da hannu Kawu yake ganewa, da zarar ya cusa shi cikin buhu.

Da matarsa ta rasu bai yi kuka ba. Masu gaisuwa na watsewa ya koma aiki, amma hannun ya daina shiga buhu. In ya ga ɗan tsiro guda, sai ya murɗa na'ura ya ƙara sanyi, gobe ma haka. Wai ba ya son ganin komai yana motsi.

Ni suyar dankali nake yi a bakin titi, kuma a wurin su Kawu nake saye. Sai ga shi in na yanka fari tas, in ya shiga mai ya fito baƙi ƙirin, ga zaƙi ga ɗaci. Raina ya ɓaci. Na ɗiba a faranti na je na sami Kawu zaune kan buhu.

"Kawu, ɗanɗana don Allah. Alewa kake sayar mana?"

Ya tauna, ya haɗiye. "Ban ji komai ba, 'yata."

"Maigidanku zai kore ka fa. Masu suya duk sun kai ƙara."

"To."

Maigidan ba mugu ba ne. Ya ce a rage sanyin a hankali, in numfashin ya dawo dankalin zai cinye sukarinsa da kansa, kowa ya huta. Kawu ya ce to. Kullum sai ya tsaya gaban na'urar, ya dube ta, ya koma ya zauna. Bai taɓa ta ba, har aka karɓi makulli aka ba wani. Na rasa wanda zan yi fushi da shi.

Washegari na biya gidansa da abin kari. Na tarar ya yi wanka, ya sa rigar aikinsa mai kauri da safar hannu, yana zaune a ƙofar ɗaki. Rana na dukansa, gumi na zuba.

"Kawu, cire rigar nan mana."

Ya ɗago ya dube ni. "In na cire, sai in yi me?"